Na'urar nuna hanya ta manyan motoci: a sayo daga waje ko waya ta isa?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Kawuna ya ɗora ni a kan motocinsa biyu: tirela mai bin layin Yamai, wani sa'in ta zarce waje, da kuma kamiyo mai shiga kasuwannin ƙauye yana kwaso aya da wake da riɗi. Ya ce in nemo GPS irin ta manyan motoci a sa wa kowace. Wani ɗan'uwanmu da ke zaune Beljiyam ya turo hoton iri biyu, Garmin dēzl da TomTom GO Expert. Ya ce a can direba yana shigar da tsayin motarsa da tsawonta da nauyinta, na'urar ta kauce masa gadar da ba zai iya shiga ƙarƙashinta ba da titin da aka hana manyan motoci. Kuɗin ba na wasa ba ne, kuma ba nawa ba ne, amana ce. Kafin in ce a sayo, ina son wanda ya taɓa aiki da irinta a hanyoyinmu ya faɗa mini gaskiya.

Baba Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah shi yi albarka, tunda ka tambaya kahin ka kashe kuɗin mutane. Ni tambaya ɗaya gare ni: direban naku ɓacewa shike yi? Daga Maraɗi zuwa Yamai hanya ɗaya ce tun muna yara. Ka hita ta Tibiri, Gidan Rumji, ka wuce mararrabar Madawa, Galmi, Tsarnawa, Ƙonni, Dutsi, Doso, ka shiga Yamai. In gabas ka nuhwa, Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, Takeita, Damagaram. Wanda bai san wagga hanya da ka ba, bai isa a ba shi makullin tirela ba.

Ɗan Bagalam:
Baba, gaskiya ba ya ɓacewa a gudron. Amma bara an tura shi Lome karo na farko, ya sha wuya wajen fita daga cikin gari. Shi kuma na ƙauye, duk damina sai an yi maganar kafewa.

Malam Mai Gyaran Waya:
Ƙanena, bari in raba maka abu biyu da mutane ke haɗawa. Akwai akwatin, wato na'urar kanta, akwai taswirar da ke cikin akwatin. Abin da ɗan'uwanku ya faɗa gaskiya ne, amma ba akwatin ne ya san tsayin gada ba. Mutane ne suka bi gadojin Turai da Amurka ɗaya bayan ɗaya, hukumomin hanya suka ba da awonsu, aka zuba cikin taswirar: nan mita kaza ne, nan tan kaza ke wucewa, nan an hana motar mai. Abin da ake biya da tsada ke nan. In aka sayo maka ta a Beljiyam, galibi taswirar Turai ce a ciki. Ka kunna ta a tashar Maraɗi, za ta san inda take a doron ƙasa, amma abin da za ka gani bai wuce manyan layuka ba, ko ma fili kawai. Wadda aka sayo a Amurka kuwa taswirar Amurka da Kanada za ka tarar. Akwai ma wata, Rand McNally, da direbobin can ke yabo, ita aikinta duk na can ne.

Ana iya sa wa Garmin taswirar ƙasashenmu a ƙaramin kati, wadda aka ciro daga OpenStreetMap, taswirar da jama'a ke zanawa kyauta. Za ta nuna maka hanya. To amma fa shi wancan ilimi na tsayin gada da nauyi, wanda saboda shi ka biya kuɗin, ba zai biyo katin ba sai a wurin da wani ya tsaya ya rubuta shi, kuma a hanyoyinmu irin wuraren kaɗan ne. Ka sayi buhu mai tsada ne ka zuba hatsin da ke rumbunka tun da.

Ɗan Bagalam:
Na gane, Malam. To amma ita ba ta buƙatar rezo. Waya kuwa da ka bar gudron sai a hankali.

Malam Mai Gyaran Waya:
Nan ma ana ruɗewa. GPS ɗin da ke cikin wayarka ba ya amfani da Airtel ko Moov ko Zamani. Sauraro kawai yake yi daga taurarin ɗan Adam da ke sama da nisan kilomita 20,000, in ya ji huɗu ko fiye ya lissafa inda kake. Ba ya cin ko dala. Wayoyin yanzu ma ba na Amurka kaɗai suke ji ba, suna kama Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin. Abin da ke buƙatar intanet shi ne hoton taswirar. In ka sauke ta tun kana gida, shi ke nan. Google Maps na bari ka sauke yanki. OsmAnd da Organic Maps kuwa, wasu manhajojin taswira na waya, ƙasa guda suke saukewa, Nijar sukutum, ka ƙara Burkina da Togo da Najeriya in kana so. Gwada da kanka: sauke, cire layin, ka hau babur zuwa Madarunfa ka gani ko ɗigon zai daina tafiya.

Abu ɗaya ka riƙe: Google Maps bai san tirela ba, lissafinsa na ƙaramar mota ne. OsmAnd yana da wurin da za ka zaɓi babbar mota ka sa tsayi da nauyi, sai dai shi ma da abin da aka rubuta a taswirar yake aiki.

Na Layin Lome:
Baba, a gafarce ni, ina da magana a kan abin da ka faɗa. Zamanin da direba ke tsufa a layi ɗaya ya wuce. Mu da muka tashi a layin Kwatano mun san Paraku, mun san Kandi, mun san Malanbil da gadar Gaya kamar tsakar gidanmu. Aka wayi gari a 2023 an rufe gadar, aka ce kowa ya koma tashar jirgin ruwan Lome. Dattawa masu furfura suka zama baƙi. Ka fito daga tashar da kaya, ga babura ko'ina, ga mararraba a kan mararraba, ka tambayi mutum ya amsa maka da harshen da ba ka ji. In ka kuskure kwanar titi ɗaya da tirela, ina za ka juya? A irin wurin nan taswira ta yi mini rana, ba zan ɓoye ba.

Amma ga inda zan goyi bayan Baba. In ka rubuta Lome zuwa Maraɗi, na'ura gajeriyar hanya take nema. Ko ta ratsa da kai ta Benin zuwa gadar da aka rufe, ko ta kai ka Fada da Kancari, hanyar da kowa ya san halin rashin tsaron da take ciki. Mu kuwa Sinkase, bakin iyakar Togo da Burkina, muke shiga, mu hau har Kaya, a jira ayari ya cika, sojoji su raka mu ta Dori zuwa Tera. Babu na'urar da ta san ranar tashin ayari. Babu wadda ta san inda ba a kwana. Wannan a bakin direbobi yake da wajen jami'ai.

Baba Tsohon Direba:
Ka yi gaskiya, ɗana, ban musa ba. Mu da munka yi zamaninmu, in anka kai ka baƙon gari, yaro kake ɗauka a bakin tasha ka ba shi na goro shi hidda kai. In yanzu waya ta ɗauke wanga aiki, madalla. Abin da nike tsoro shi ne yaro shi miƙa ma allo hankalinshi duka. In dattijo ya ce kada ka bi nan, allo ya ce bi, wa za shi saurara?

Direban Sitan:
Ni zan saɓa wa Malam Mai Waya kaɗan. Mai nake ɗaukowa daga matatar Damagaram, kuma akwatin nake amfani da shi, ba waya ba. Ba don taswirarsa ta fi ba. Don zafi. Ku da kuke zaune a shago ba ku san abin da gilashin gaba ke yi a watan Afrilu da Mayu ba. Waje yana sama da 40, a bayan gilashi kuwa ko sitiyari ba ka iya taɓawa in mota ta tsaya. Waya tana caji, allonta a kunne, rana na dukanta, sai ta rage haske ta rubuta maka ta yi zafi ta kashe kanta. Batir ya kumbura. Akwatin an yi shi ne don zaman gilashi, ya fi jurewa.

Na biyu, waya waya ce. Kana tsakiyar mararraba maigida ya kira, taswira ta ɓace. Saƙo ya shigo, ido ya tafi. Mai ɗauke da lita dubbai na esansi bai kamata yana latsa waya ba. Akwatin aiki ɗaya ya sani, allonsa babba, maganarsa da ƙarfi.

Malam Mai Gyaran Waya:
Yaya, ban ƙi maganarka ba. Masu ƙera waya da kansu suna rubuta cewa aikinta har zuwa digiri 35 ne, kuma kumburarren batir kullum ina canza shi. Amma maganin wannan ba sai an sayo abu daga Turai ba. A ware waya ɗaya ko ƙaramar tablet ta mota kawai, babu layi a ciki, babu WhatsApp. Kada a manna ta a gilashi, a ɗaure ta ƙasa kusa da rediyo inda rana ba ta sauka. In mota ta tsaya a cire ta a sa a inuwa. In ta lalace, ga mu nan a Babbar Kasuwa. Akwatin kuwa in allonsa ya fashe, wa zai gyara a Maraɗi?

Direban Sitan:
Nawa bai fashe ba tukuna. Amma na yarda, in ya fashe sai dai a jira mai zuwa daga waje.

Mai Wayarin na Garaji:
Ko wace kuka zaɓa, ku kula da wuta. Ƙaramar mota bolt 12 ce, tirela 24. Cajar da ake sayarwa a bakin titi da yawa ta ƙaramar mota ce. Ku duba jikinta, in ba a rubuta 12 zuwa 24 ba kada ku soka. Kuma don Allah a daina yanke wayar wuta ana jona wa batir ɗaya kai tsaye don a sami 12. Batir ɗin da ake ja zai riga ɗan'uwansa mutuwa, ƙarshe biyun za ku saya. A sa ƙaramin abin rage wuta da fiyus, aikin rabin awa ne.

Hajiya Mai Aya:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba direba ba ce, mai kaya ce, kuma ina ga kun bar inda kawun yaron nan ya nufa. Ɗana, koma ka tambaye shi da kyau. Mu masu dukiya in mun ce GPS, ba wadda ke nuna wa direba hanya muke nufi ba. Baliz muke nufi, wadda ake ɓoyewa a jikin mota, kana gida ka buɗe waya ka ga inda take. Na loda aya zuwa Kano ta Ɗan Isa da Jibiya, mai saye yana kirana dare da rana, direba wayarsa a kashe. Shin yana duwan ne, taya ce ta fashe, ko wani abu ya same shi a hanyar da kowa ya san ba a binta da dare? Ba barci. Da akwai baliz ai da na san ko a bakin iyaka yake.

Malam Mai Gyaran Waya:
Hajiya ta taɓo wuri. Abu biyu ne daban. Baliz ita ma da tauraro take sanin inda take, amma don ta gaya miki sai da layin waya a cikinta. Inda babu rezo tana ajiyewa, in ta samu ta turo gaba ɗaya. Kuma in mota za ta tsallaka Najeriya ko Burkina, a tambayi mai sayarwa tun farko ko layin zai yi aiki a can, da nawa ne kuɗin wata. Da yawa sun sa, mota na wuce Ɗan Isa ɗigon ya tsaya cik.

Wani Direba:
To ga shi an zo wurin. Kullum maganar ke nan, a sa wa direba ido. Hajiya, da girmanki, mu ba ɓarayi ba ne. Mutum ya bar iyalinsa wata guda, ya kwana ƙarƙashin mota, sauro ya ci shi, ya sha cin mutunci a shinge, sannan in ya tsaya awa biyu ya huta a kira shi a ce me kake yi a Galmi. Na yi aiki da wani mai mota da ya sa irin wannan bai gaya mini ba. Ranar da na tsaya jana'iza a wani ƙauye, kafin a sallame ya kira ya fi a ƙirga, yana cewa gazuwal nake sayarwa. Na kai masa motarsa na ajiye makulli.

Hajiya Mai Aya:
Ɗana, ban kira ka ɓarawo ba, Allah ya kiyaye. Amma kai ma ka san akwai masu zuƙe mai, akwai masu ɗaukar kayan wani a ɗora kan nawa ba da sanina ba. In an kama mota da abin da ban loda ba, sunana ne a takarda.

Wani Direba:
Akwai, ban ce babu ba. Akwai kuma masu mota da ke riƙe kuɗin hanya su ce direba ya yi dabara.

Baba Tsohon Direba:
Ku dakata. Duk ku biyu kuna da gaskiya, kuma abin da ya ɓata wancan aiki ɓoyon da anka yi ne. In za a sa baliz, a zaunar da direba a hwaɗa mishi: ga abin da munka sa, ga dalili. A yi yarjejeniya, ba a kiranka don ka tsaya salla ko abinci ko barci. Ranar da mota ta mutu tsakanin Abalak da Agadas, inda babu mai wucewa sai jihwa-jihwa, shi direban ne za shi gode ma Allah da anka san inda shike. Mu mun kwana a irin wuraren nan, ba wanda ya san muna raye. Kuma mai mota shi sani, direban da anka hana barci don ana kallonshi a waya, shi ne ke kaiwa mota rami.

Shugaban Zaure:
Madalla da Baba. A bar maganar baliz haka, duk wanda ke so ya buɗe ta daban. Ƙari ɗaya daga gare ni: masu turo inda suke kai tsaye a zaure, a daina. Mu da yawa ne a nan, ba kowa muka sani ido da ido ba. Ka tura wa maigidanka ko ɗan'uwanka shi kaɗai. A koma kan tambayar yaron.

Aparanti:
Iyayena, ni yaron mota ne, ni ke riƙe wayar in muna tafiya, bari in faɗi abin da na gani. Wahalar farko rubuta sunan gari ce. Taswira da rubutun Faransanci ta san garuruwanmu. Sai ka rubuta Guidan Roumdji, Tchadoua, Tessaoua, Aguié, Zinder. Maigidana bai yi lakwal ba, don haka ko an ba shi akwatin miliyan ba zai iya nemo wuri ba sai da ni. Na biyu, sunaye suna maimaituwa. Tibiri biyu ce, tamu ta Gobir da ta jihar Doso. Gaya akwai ta bakin kogi, akwai ta jihar Kano. Sabon Gari kuwa ba iyaka. In ka danna na farkon da ya fito ba ka duba ba, sai ta lissafa maka wata tafiya daban. Mu yanzu abin da muke yi, mai kaya ya tsaya a ƙofar sito ya turo mana ɗigon wurin ta WhatsApp, in adana shi tun muna da rezo.

Na Layin Lome:
Yaron nan ya iya aiki. Allah ya ba ka taka motar. Ɗigon ya fi suna, musamman a manyan garuruwa inda sito ke bayan sito.

Direban Kasuwannin Ƙauye:
Ni aikina irin na motarku ta biyu ne, Ɗan Bagalam, don haka saurara. Yankin Dakwaro, Kornaka, Mayahi, Sabon Mashi, duk ina shiga. Da ka sauka daga gudron ko laterit, abin da taswira ke kira hanya sau da yawa sawun amalanke ne. An zana shi daga hoton sama, wanda ya zana bai taɓa taka wurin ba. A hoto layi ne mai kyau. A ƙasa yashi ne da zai haɗiye taya har gindi, ko ya bi ta tsakiyar gonar mutum wadda da rani fili ce, da damina gero ya fi mota tsayi.

Wata damina wani yaro da aka haɗa ni da shi ya nace wayarsa ta nuna yanke da zai rage mana tafiya. Ni na ƙi, motar da ke bayanmu ta bi. Ƙorama ce ta tare su, ruwan da aka yi can arewa da dare ya sauko, ƙasa ta yi laushi. Sai da aka sauke buhunan wake duka a kai, aka nemo mutanen gari da shebur da itace. Waken da ya jiƙe mai shi ya yi asara. Taswirar ba ƙarya ta yi ba, hanyar tana nan, amma ta watan Maris ce ba ta Agusta ba.

Amfanin da na samu a wayar daban ne. OsmAnd yana iya rubuta sawun da ka bi. In na shiga kasuwa ta hanyar da mutanen garin suka nuna mini, kuma na fito lafiya da kaya, sai in adana sawun in sa masa suna: ta rani, ko ta damina. In sa alama inda yashi yake, inda ake rage iskar taya, inda rijiya take, inda mai faci yake. Yanzu in an ba wani sabon direba motar, tura masa kawai zan yi. Wannan babu kamfanin da zai sayar maka da shi, ko nawa za ka biya.

Baba Tsohon Direba:
To wanga shi ne magana. Da irin haka anka yi tun da, da abin da ke kanmu bai bi mu kabari ba. Akwai wuraren da na sani a hanyar Tanut da ta Dakwaro da ba wanda ya tambaye ni su har na ajiye tuƙi.

Ɗan Bagalam:
Baba, in ka yarda zan zo da yaron motarmu mu zauna ka nuna mana a taswira. Amma ina da sauran tambaya ɗaya. Maganar tsayi da nauyi fa? Ke nan a ƙasarmu ba ta da amfani sam?

Direban Sitan:
Tana da amfani, sai dai ba na'ura ke tsare ta ba, doka ce da sikeli. Ƙasashen UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin CFA, suna da doka mai lamba 14 ta shekarar 2005. Tsayin mota da kayanta kada ya wuce mita 4, faɗi mita 2.55. Tirela mai layin taya shida, nauyinta duka da kaya tan 51, kuma kowane layi da nasa iyaka. Wannan direba ya kamata ya haddace shi, ya rubuta awon motarsa ya manna a kabin. In ka hau sikeli a Togo ko Burkina ka wuce kima, akwatin ba zai biya maka tara ba.

Direban Kasuwannin Ƙauye:
Kuma abin da ke kama mu a sama ba gada ba ce, wayar lantarki ce. Shiga unguwa da lodi mai tudu, ko cikin Maraɗin nan, ka ga yadda wayoyi suka sauko, ga rassan bedi, ga rumfunan ƴan kasuwa sun ci rabin titi. Dole yaro ya hau sama da sanda busasshiya ko ya sauka yana duba maka. In lodin ya wuce ƙa'ida kuwa, laifin na wanda ya loda ne.

Mai Wayarin na Garaji:
A kula da hawa saman nan. In babbar waya ce mai ƙarfi, ko kusa da ita ba a zuwa, sanda ko ba sanda. A ja da baya a nemi wata hanya.

Malam Mai Gyaran Waya:
Kada a ce na hana sayen akwatin gaba ɗaya. Wanda ya riga yana da shi kamar Yaya Direban Sitan, ya ci gaba, a sa masa sabuwar taswira a kati lokaci lokaci. Wanda kuma yake son allo mai jure rana, ya sayi akwati na ƙaramar mota mai sauƙin kuɗi wanda ke karɓar kati, tunda abin da ya sa na tirela tsada ba zai yi masa aiki a nan ba. In za a saya na hannu, a kunna shi a gabanka a waje, a jira ya kama tauraro, a nemo Maraɗi a ciki, a nemo Tasawa, a ga ko titunan unguwa sun fito. In mai sayarwa ya ce sai an je gida za ta kama, a bar masa kayansa.

Ɗan Bagalam:
Na dawo daga wurin kawu. Hajiya, kin yi gaskiya, rabin abin da yake nufi baliz ne. Na karanta masa maganar Baba, ya ce zai zauna da direbobin biyu da kansa kafin a sa komai, kuma ya ce su ma a ba su damar gani a wayarsu. Na Beljiyam mun ce ya dakata. Za mu sayi tablet ɗaya ta tirela, a sauke Nijar da Burkina da Togo da Najeriya. Motar ƙauye kuwa akwai wata waya a gida da ba a amfani da ita, ita za a ba yaron ya fara rubuta sawu tun kafin ruwa ya sauka.

Direban Kasuwannin Ƙauye:
In ya shirya ya same ni a tasha ranar da ba kasuwa, in tura masa na yankin Kornaka da Sabon Mashi ya fara da su. Na Mayahi sai na sake bi, an yi sabon laterit a wani sashe.

Na Layin Lome:
Shi kuma na tirela ka gaya masa, in ya rubuta tafiya kada ya sa Lome kai tsaye. Ya riƙa sa gari gari: Tera, Dori, Kaya, haka har Sinkase, don kada ta ja shi wata hanya. Kuma kafin ya tashi daga Yamai ya tambayi waɗanda suka shigo a ayarin ƙarshe.

Malam Mai Gyaran Waya:
Kawo tablet ɗin da wayar gobe bayan la'asar, akwai intanet mai ƙarfi a shago. Ka taho da kati mai giga 32 ko fiye, taswirar Najeriya tana da nauyi. Caja kuma kada ka saya sai Mai Wayarin ya duba motar.

Mai Wayarin na Garaji:
Tirelar tana gari ko tana hanya?

Ɗan Bagalam:
Tana Ƙonni, jibi da safe za ta shigo in Allah ya so. Da ta sauke kaya zan turo ta garaji.